Karayar kan ƙashin ƙwauri a gwiwa: abin da ya kamata a sani kafin a zaɓi ɗori ko tiyata

Duk wanda ke fita da safe daga unguwar Dar es Salam ya nufi tsakiyar Yamai ya san yadda babura, taksi, manyan motoci da masu tafiya a ƙasa ke cuɗanya, musamman a mahaɗar hanyoyi da kan babban titin Mali Béro. Idan aka yi karo, mai babur ba shi da ƙofa ko ƙarfen da zai kare shi, kuma sau da yawa gwiwarsa ce ke fara shan duka. Daga cikin raunukan da ke biyo baya akwai wata karaya da jama'a ba su cika bambanta ta da sauran ba, alhali tana iya raba mutum da tsuguno, da zaman tahiya, da sana'arsa har ƙarshen rayuwa. Ita ce karayar kan ƙashin ƙwauri, daidai inda ya haɗu da ƙashin cinya. A takardar asibiti za a ga an rubuta ta da Faransanci: fracture du plateau tibial.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na 2023 ya ce hatsarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma su ji rauni, kuma in aka dubi yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asarar rayuka. Waɗanda suka mutu ake ƙirgawa a labarai. Waɗanda suka tsira da gurguwar gwiwa suna cikin gidajenmu, yawancinsu matasa da magidanta masu ciyar da iyali.

Abin da ya bambanta ta da sauran karaya

Ƙashin ƙwauri doguwar sanda ce mai ƙarfi, amma kansa na sama ya buɗe kamar ɗan tebur mai faifai biyu, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. A kan faifan nan biyu ƙashin cinya ke zaune yana juyawa duk lokacin da mutum ya lanƙwasa ƙafa. Fuskarsu shafe take da guringuntsi mai santsi, kuma a kan kowane faifai akwai wani guringuntsin mai siffar jinjirin wata da ke aikin gammo. Ƙarƙashin wannan fuska ƙashin ba tauri gare shi kamar na tsakiyar sanda ba. Yana da ƙofofi kamar soso.

Idan mota ta bugi gwiwa ta gefe, ko mutum ya faɗo daga bene ko daga kan gini ya dira a kan ƙafa, ƙarshen ƙashin cinya kan zama taɓarya, kan ƙashin ƙwauri ya zama turmi. Sai faifan ya tsage, ko ya lotsa ciki, ko duka biyun. Tun 1929 wasu likitoci biyu na Amurka, Cotton da Berg, suka laƙaba mata sunan ƙarfen gaban mota, saboda tsayinsa daidai gwiwar mai tafiya a ƙasa yake. Kusan ɗaya ce cikin kowace karaya 100 da ake gani, amma a wurin tsofaffi, musamman mata da ƙashinsu ya yi rauni, zamewa a makewayi kaɗai kan isa ta jawo ta.

In sandar ƙashi ta karye ta warke da ɗan tudu, tsoka da fata sun rufe, mutum ya ci gaba da harkarsa. Cikin gaɓa ba haka ba ne. Idan faifan ya warke da tudu da kwari, kowane taku goge guringuntsi yake yi, har ya cinye shi. Idan gefe ɗaya ya nutse, ƙafa ta karkace, ta yi gwame ko ta yi baka, gwiwa ta riƙa kufcewa. Shi ya sa likitan ƙashi ke neman abu huɗu a lokaci guda: fuskar gaɓa ta koma sumul, ƙafa ta miƙe, gwiwa ta tsaya da ƙarfinta, sannan a fara motsa ta da wuri kafin ta sandare.

Iri shida

Likitocin da suka yi karatu da Faransanci sun san rabe-raben Duparc da Ficat na 1960, amma wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne na Joseph Schatzker, likitan Toronto a ƙasar Kanada, wanda aka wallafa a 1979. Ya kasa karayar gida shida. Iri na 1, faifan waje ya tsage. Iri na 2, ya tsage kuma ya lotsa. Iri na 3, ya lotsa kawai. Iri na 4, faifan ciki ne ya karye. Iri na 5, faifan biyu duka. Iri na 6, kan ƙashin ya rabu da sandarsa gaba ɗaya.

Ukun farko sun fi yawa, kuma sun fi sauƙin gyara. Daga na 4 zuwa na 6 galibi mummunan karo ne ke kawo su, kuma sukan zo da raunin fata, tsoka da jijiyoyi. In dangi suka ji likita ya ambaci lamba, wannan yake nufi, kuma suna da haƙƙin su tambaye shi wace lamba ce tasu.

Awowin farko: ceton ƙafar kanta

Kafin a yi maganar gyaran gaɓa, sai an tabbatar ƙafar za ta rayu. Babbar jijiyar da ke kai jini ga ƙafa ta bayan gwiwa take wucewa, dab da ƙashi. Idan ta tsinke ko ta toshe, awa 6 zuwa 8 kawai tsoka ke iya jurewa ba jini. Akwai kuma wani haɗarin da ya fi ɓuya. Tsokokin ƙwauri suna cikin wata riga mai tauri da ba ta buɗewa. In jini da kumburi suka taru a ciki, sai su shaƙe tsokar har ta mutu. Alamunsa su ne ciwon da ke ƙaruwa duk da an sha magani, sha-raɓa ta yi tauri kamar icce, azaba idan aka motsa yatsun ƙafa, da jin ƙafar ta yi sanyi ko ta mutu. Maganinsa tiyatar gaggawa ce: a tsaga fata da rigar tsokar don ta samu sarari. Ɗauri mai tsanani a irin wannan hali ƙara wa wuta mai ne.

Don haka a wurin hatsari, kada a ja ƙafar, kada a murɗa ta da sunan mai da ita, kada a ce ya gwada takawa. A tallafe ta da katako ko kwali mai kauri daga cinya zuwa idon sawu, a ɗaure sako-sako. In akwai rauni a buɗe, a rufe da ƙyalle mai tsabta, ba toka, ba man birki, ba garin magani. Kada a cika shi da abinci, don ƙila a shiga da shi ɗakin tiyata. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko SAMU a lamba 15. Idan ƙashi ya huda fata, yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus da wankin rauni a ranar, ba washegari ba.

A Yamai akwai sashen likitocin ƙashi a Babban Asibitin Ƙasa, da asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamordé a hayin kogi, da Hôpital Général de Référence na unguwar Tchangarey da aka ƙaddamar a 2016. Ƙaramin asibitin unguwa zai iya ba da maganin ciwo ya tallafe ƙafa, amma aikinsa shi ne ya tura majinyaci gaba.

Hoto kafin hukunci

Hannu ba ya jin lotsawar da ke cikin gaɓa. Mutum na iya samun wannan karaya ya ɗauka targaɗe ne, saboda ba a ga ƙashi ya fito ba, kumburi kawai da kasa takawa. Matakin farko shi ne hoton ƙashi, wanda muke kira radiyo, ta gaba da ta gefe. Sau da yawa likita kan ƙara neman sikana, domin ita ke yanka hoton daki-daki ta nuna guntaye nawa ne, ina suke, milimita nawa faifan ya nutse. Ba almubazzaranci ba ne: akan sauya tsarin aikin gaba ɗaya bayan an ga sikana.

Ba kowa ne ke buƙatar tiyata ba

Idan tsagar ba ta goce ba, faifan bai nutse ba, gwiwa kuma ba ta rawa, ana iya maganinta da filasta ko takalmin gwiwa mai ƙarfe a gefe, tare da hana taka ƙafar makonni da dama, da sake radiyo a kai a kai don a tabbatar ba ta motsa ba. Haka kuma tsohon da jikinsa ba zai ɗauki aiki ba. Likitoci kan karkata ga tiyata idan faifan ya nutse fiye da ƴan milimita, ko kan ƙashin ya buɗe, ko gwiwa na karkacewa fiye da digiri 10 in aka gwada ta, ko karayar ta shafi faifan ciki ko duka biyun. Karayar da ta huda fata ko ta taɓa jijiyar jini kuwa ba ta da wata hanya sai ɗakin tiyata.

Hanyoyin da likita ke da su

Hanya ta farko, ƙusoshi masu zare kaɗai. Idan faifan waje ya tsage salin-alin, kamar iri na 1 a jikin matashi mai ƙashi mai ƙarfi, ana iya matse tsagar a ɗaure ta da ƙusa biyu ko uku ta ƴan ƙananan ƙofofi a fata, ana kallon aikin a na'urar radiyo ta ɗakin tiyata. Raunin kaɗan ne, warkewa da sauri.

Hanya ta biyu, faranti da ƙusoshi, ita ce aka fi yi. Aikin ya yi kama da na magini da daɓen ɗaki ya lotsa masa. Likita ya buɗe gefen gwiwa, ya tura guntun da ya nutse daga ƙasa har ya dawo daidai da sauran. Ɗagawar kan bar rami a ƙarƙashi, sai a cike shi da ɗan ƙashin da aka ɗebo daga ƙugun majinyacin, ko da wani sinadari mai maye gurbin ƙashi. Daga nan a jera ƙusoshi a ƙarƙashin faifan kamar azara, a kafa farantin ƙarfe a gefe ya tokare. In gammon guringuntsi ya yage, a ɗinke shi a lokacin. Idan faifai biyu ne suka karye, akan sa faranti biyu ta ƙofa biyu daban, don kada a yaye fata da yawa a wuri ɗaya. Wannan tsari na ɗaure ƙashi da ƙarfe don gaɓa ta samu motsi da wuri, ƙungiyar likitocin Suwizalan mai suna AO, da aka kafa a 1958, ita ta yaɗa shi a duniya. Akwai kuma farantin zamani wanda kan ƙusa ke kullewa a jikinsa. Ya fi riƙe ƙashin tsofaffi da wanda ya farfashe, amma ya fi tsada.

Hanya ta uku, ƙarfen waje. Ana huda ƙashi da sanduna ko wayoyi, a haɗa su da ƙarfe a wajen fata. Iri biyu ne. Akwai na wucin gadi, wanda ke tsallake gwiwa daga cinya zuwa ƙwauri, ya riƙe ƙafa har kumburi ya saɓe. Akwai kuma mai zobba, wanda likitan Rasha Gavriil Ilizarov ya ƙirƙiro a garin Kurgan a shekarun 1950. Shi ana barin sa har ƙashi ya haɗe, wata uku ko fiye. Yana da amfani sosai inda fata ta lalace. Wani bincike da likitocin Kanada suka wallafa a 2006 ya gwada shi da faranti a kan karayar faifai biyu: bayan shekara biyu sakamakon ya yi kusan ɗaya, amma masu zobba sun fi saurin barin asibiti, kuma ba a mai da su ɗakin tiyata da yawa ba. Wahalarsa ita ce sai an riƙa tsabtace bakin kowace waya kullum, abin da ke buƙatar kula a garin ƙura da zafi irin namu.

Hanya ta huɗu, taimakon kyamara. Ana zura ƴar ƙaramar kyamara cikin gaɓa a ga fuskar faifan ido da ido yayin da ake ɗaga shi. Ta dace da ƙananan lotsawa, amma tana buƙatar kayan aiki da ƙwarewar da ba kowane asibiti ke da su ba.

Hanya ta biyar, sauya gwiwa da ta ƙarfe da roba. Ba a cika yin ta tun farko ba, sai ga tsohon da gaɓarsa ta riga ta cinye kafin hatsarin. Galibi ita ce mafita ta ƙarshe bayan shekaru.

Me ya sa likita ke cewa a jira?

A nan ne dangi da likita suka fi samun saɓani. An kwantar da mutum, an sa masa ƙarfen waje ko an tallafe ƙafar, kwana biyar, kwana goma, ba a yi babban aikin ba. Sai zargi ya fara: kuɗi ake jira, ko an manta da shi. Wani lokaci akwai jinkirin layi ko na kayan aiki, kuma ya dace a tambaya. Amma sau da yawa jiran na cikin maganin. Fatar gaban ƙwauri siririya ce. Idan aka yanka ta tana kumbure, da bororo a kanta, ɗinkin kan buɗe, ƙarfe ya fito fili, ƙwayoyin cuta su shiga ƙashi. Likita na jiran fatar ta saki har ta fara tattarewa in an matsa ta, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Dangin da suka gaji suka ɗauke majinyaci a wannan tsakani sun ɗauke shi ne ana gab da yi masa aiki.

Jiran kuma yana da iyaka. Bayan kamar mako uku, ƙashin ya fara haɗewa a yadda yake. Wanda ya zo bayan wata biyu ko uku da karkatacciyar ƙafa, sai an sake sare ƙashin kafin a miƙe shi, aikin da ya fi wuya, ya fi tsada, kuma ba ya mai da gwiwa yadda aikin farko zai yi.

Matsayin maɗori

Ɗori sana'a ce ta gado a ƙasar Hausa da ta Zabarmawa, kuma jama'a na zuwa ne da dalili: maɗori yana kusa, yana karɓar abin da ya samu, yana magana da harshen majinyaci. Akwai karayar da ke haɗewa a hannunsa, domin ƙashi da ikon Allah yake haɗewa in an hana shi motsi. Sai dai karare da ƙyalle ba su iya ɗago faifan da ya nutse cikin gaɓa, ja da murza kan ƙara farfasa shi, ɗauri mai ƙarfi kan sabon kumburi kuma na iya kashe ƙafa. Yawan tsoron da ake yi cewa asibiti yanke ƙafa suke yi ya samo asali ne daga waɗanda aka kai bayan ƙafar ta riga ta yi baƙi. Akwai maɗoran da kan ce a je a ɗauko hoto tukuna, su kuma tura karayar gaɓa asibiti. Wanda ya yi haka ya san sana'arsa.

Bayan aiki: rabin maganin na hannun majinyaci

Ƙarfe riƙe ƙashi yake yi, ba ya ɗaukar nauyin mutum. Akan hana taka ƙafar mako 6 zuwa 12, gwargwadon irin karayar. Wanda ya ji sauƙi a mako na uku ya jefar da sanduna ya hau babur, faifan da aka ɗago zai sake nutsewa. Amma hana takawa ba hana motsi ba ne. Da zarar likita ya ba da izini, wani lokaci cikin ƴan kwanaki, ake fara lanƙwasa gwiwa da miƙe ta tare da ma'aikacin kine. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tafiya na buƙatar gwiwa ta lanƙwashe kamar digiri 60, zama a kujera kamar 90, amma tsuguno da zaman salla sun haura 130. Ga wanda rayuwarsa ke kan tabarma, kwanakin kine ba abin da za a tsallake ba ne don ragin kuɗi.

Taba sigari na jinkirta haɗewar ƙashi da warkewar ɗinki, ciwon sukari da ba a kula da shi ba na jawo ruɓewar rauni. Akan rubuta allurar hana daskarewar jini, domin kwanciya na iya sa jini ya dunƙule a ƙafa ya tafi huhu. Zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, sabon kumburi a sha-raɓa ko sarƙewar numfashi, duk dalilai ne na komawa asibiti nan take. Mai aikin ƙarfi ya sa ran wata huɗu zuwa shida kafin ya koma bakin aiki, kuma gwiwa kan ci gaba da samun sauƙi har shekara. Ba dole ne a cire ƙarfen ba in ba ya damun mai shi. In za a cire, sai bayan shekara ɗaya ko fiye.

Ko aiki ya yi kyau, gaɓar da ta taɓa fashewa na iya ciwon sanyi daga baya. Wani bincike na lardin Ontario a Kanada, da aka wallafa a 2014, ya gano cewa cikin shekara 10 bayan tiyatar, kashi 7.3 cikin 100 sun kai ga sauya gwiwa, alhali a sauran jama'a kashi 1.8 ne. Wato haɗarin ya ƙaru, amma fiye da mutum 9 cikin 10 suna nan da gwiwarsu ta asali.

Kuɗi da takardu

Tun 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita, gwaje-gwaje, kwanciya da ayyukan tiyata a asibitocinta. Duk da haka, a nemi cikakken lissafi a rubuce tun kafin aiki, a tambaya ko faranti da ƙusoshi, magunguna da kine suna ciki ko daban ake biya. In hatsarin mota ne, kada a yarda a kashe magana a bakin titi da ƴan jakunkuna. A bari ƴan sanda su yi awon hatsari, domin dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke cikinta, ta wajabta wa kowace mota da babur inshorar da ke biyan wanda aka ji wa rauni, kuma ba a samun wannan haƙƙi sai da takardar awo, da shaidar likita, da rasiɗai. Ma'aikacin da ke da rajista a CNSS, in a bakin aiki ya ji raunin, ya tabbatar an sanar da asusun da wuri.

Kafin a sa hannu a takardar aiki, majinyaci ko waliyyinsa ya tambayi likita abu biyar: wane iri ce karayar cikin shidan nan, me zai faru in ba a yi tiyata ba, wace hanya za a bi kuma don me, yaushe za a fara motsa gwiwa, yaushe za a taka ƙafa. Wanda Faransanci ke ba shi wuya ya nemi a yi masa bayani da Hausa ko Zabarmanci. Sannan duk gwiwar da ta kumbura bayan karo ko faɗuwa, mai ita ya kasa takawa, a kai ta hoto a ranar, kafin kowa ya ja ta ko ya ɗaure ta.